Bazarar da Aka Yi Mana Awon Wuta

Ɗana Abba ya kashe fanka a kan autarsa tana kwance da zazzaɓi, kuma har yanzu ban yafe masa ba. Ranar Talata ce, bayan azahar, rana ta take, kaji ma sun buɗe baki a gindin katanga. Ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba ya tsaya gaban mitar nan tasa mai kati, ya danna, ya ga jar fitila na ƙiftawa, sai ya shiga bin ɗakuna yana kashe abubuwa. Da ya zo nawa ɗakin, inda yarinyar take, ya miƙa hannu.

"Hajiya, yunit ya kusa ƙarewa. A bari sai rana ta yi sanyi."

Na ce ya janye hannunsa, ashe ya riga ya kashe. Na lallaba da gwiwar nan tawa na tashi na kunna, na ja kujera na zauna a gabanta. Ya yi 'yar dariya, ya ce wa matarsa rigimar tsufa ce. Bai san komai ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma da baki ba zan iya ba. Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro, to bari in yi amfani da shi.

A gidan surukaina da ke unguwar Liman Abaji aka yi abin, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa hannun ma'aikata. Daga Gitata aka kawo ni gidan. Mijina, Malam Sule, direban motar gwamnati ne a Jos, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Da aka yi musu ƙarin albashi, abu uku ya yi. Ya cire jinkar ɗakina ya buga kwano, ya jawo wa gidan lantarki, ya kuma sayo mini fankar tebur shuɗiya, ya ajiye a gabana ya ce, "Kulu, wannan taki ce ke da yara." Yaran biyu ne. Abba, wanda aka sa wa sunan kakansa, yana da kamar shekara huɗu. Binta tana goye, ta fara tafiya tana dafa bango.

Mai gidan shi ne Baba, mahaifin Malam Sule. Manomi ne na dawa da doya, dogo, marar yawan magana. Yana yaro ya ga shekarar da fara ta cinye gonaki, ya ga uwarsa tana tankaɗe dusa sau biyu, kuma wannan abin bai taɓa barinsa ba. Kowace safiya shi ke hawa rumbu da kansa ya auno dawar yini, ya shafe bakin mudu da tafin hannu, ya miƙa wa Inna, uwar mijina. Ba mai leƙa rumbun nan sai shi.

To 'yan wuta da suka zo, a zaure suka kafa mita, daidai saman buzun da Baba yake zama. Mu mata ba ma fita zaure da rana, don haka mun daɗe muna jin labarin mitar ba mu gan ta ba. An ce akwati ne baƙi mai gilashi, da wani ɗan faifai a ciki yana juyawa. Baba ya sa ido a kan faifan nan tun ranar farko. Kafin sati ya cika ya gane cewa duk ƙwan lantarkin da aka kunna a cikin gida sai faifan ya ƙara gudu. Kafin wata ya cika ya bi ɗakuna ya kwance ƙwayayen duka, ya jera su a ƙwarya a kan auduga, kamar mai ajiyar ƙwan zabi.

Daga nan aka fara yi mana awon wuta. In an sallame magariba sai ya shigo da ƙwaryar. Madafa ƙwai ɗaya, har a gama kwashe tuwo. Ɗakuna kuwa bi da bi: yau na Inna, gobe na Yaya Hajo, matar wan mijina, jibi nawa. Bayan isha ya zagayo da tsumma a hannu, don ƙwan ya yi zafi, ya kwance ya mayar. Hajo mace ce mai baki. In ta ji takunsa sai ta ce a hankali, "Ga mai kaza nan ya zo ɗibar ƙwansa." Mu toshe baki da zane. A lokacin abin dariya ne.

Fankata kwana biyu ta yi tana aiki bayan tafiyar Malam Sule. A rana ta uku Inna ta shigo ta ce, ba ta kalle ni ba, "Baba ya ce a kai masa ajiya, kada yara su sa yatsa." Na naɗe wayar na miƙa. Me zan ce? Baba ya saka ta a ɗakinsa, ya lulluɓe da buhu.

Shekarar kuwa daminar baya ba ta yi kyau ba. Dawa ta yi zangarniya ƙanana, doya ta fito kamar damtsen yaro. Mutanen arewa suna ta saukowa da iyalansu da 'yan dabbobin da suka rage, a tasha ake ganinsu, an ce can abin ya fi muni. Mudun Baba ya fara raguwa, ya daina shafe bakinsa don ba abin shafewa. Tuwon dare ya koma na garin rogo, mai yauƙi, wanda in ka ci ka kwanta kafin asuba cikinka na ƙugi. Da rana mangwaro ne abincin yara, ɗanye da nunanne, har bakinsu ya yi ƙuraje.

Sannan bazara ta zo ta zauna. Tun hantsi kwanon ɗakina yake fara ƙas-ƙas, zuwa azahar in ka ɗaga hannu sama sai ka ji kamar ka kusanci bakin tanda. Da jinka ce da mun sha iska. Rijiyarmu ta koma laka, guga na fitowa da rabin ruwa ja, sai an bar shi ya kwanta. 'Yan garuwa suna tafiya har rafin Antau su tona yashi. Ruwan da aka wanke shinkafa, in an samu shinkafar, shi za a wanke kwanuka, shi za a yayyafa a tsakar gida. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, mu fito da tukwane da bahuna mu jera a ƙarƙashin indararo. Sai ya yi rugugi ya watse. Mu kwashe tukwanenmu a bushe. An fita roƙon ruwa, yara sun zaga gari, shiru.

A cikin wannan ƙyanda ta shigo unguwa. Ta fara daga gidan mahauta, ta biyo layi. Abba ne ya fara: ido ja, majina, tari, jiki kamar garwashi. Kwana kaɗan Binta ta bi. Na shimfiɗa su a tabarma ɗaya a ƙasa, don gado ya fi zafi. Da ƙurajen suka feso, fatar Binta ta koma kamar an barbaɗa mata jan gero. Ta daina kama nono. Tana buɗe baki kamar za ta yi kuka, sautin ba ya fita.

Akwai wata maƙwabciyarmu ta bayan gida, Maman Rifkatu, 'yar ƙabilar Mada ce, tana aikin ungozoma a ɗakin shan magani. Ta shigo ta taɓa goshinsu, ta ɗaga kai ta dubi kwanon.

"Kai, Maman Abba, wannan ɗaki ai tukunya ne. Ki dinga jiƙa tsumma kina shafa musu, ki ɗura musu ruwa ko da cokali. Su samu iska. Ba ke ce maigidanki ya kawo wa fanka ba?"

Inna na bakin ƙofa ta amsa kafin ni. "Iskar inji tana mayar da ƙyanda ciki. Mu da mafici muka yi renon namu."

"Inna, zafin nan ne zai cinye su, ba iska ba."

"To, mun ji. A gaida gida."

Da mafici muka yi. Ba zan ci haƙƙin matan gidan nan ba, sun tsaya. Ni in yi fifita har kafaɗata ta mutu, Hajo ta karɓa, in ta tashi ɗora tukunya Inna ta karɓa, tana yi tana gyangyaɗi. Muka jiƙa buhu muka rataya a taga, kafin a jima ya bushe ƙamas. Muka gwada fito da su gindin mangwaro, ƙudaje suka rufe musu ido, hasken kuma yana sa su ihu, muka mayar. Mafici biyu suka tsinke a hannunmu. Iskar da mafici ke kaɗawa a ɗakin nan, iskar ɗakin ce dai, mai zafi, mai warin ciwo.

Shi ma Baba bai zauna ba. Ya taka har Angwan Iya da rana tsaka ya karɓo rubutu. Furarsa ta rana ya daina sha, ya ce a dama wa mai sunansa. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya masu jiki?" ya daɗe a tsaye, ya juya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce mugu ne. Da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

Ranar da numfashin Binta ya fara fita da sauri-sauri, haƙarƙarinta na shiga ciki, na ce wa Hajo ta riƙe maficin. Na ja mayafi na nufi zaure. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa zuwa wurinsa da wata buƙata ba sai ta bakin Inna. Na durƙusa daga bakin ƙofa ta ciki.

"Baba, barka da hutawa."

"Barka kadai, 'yar Gitata. Jikin ne?"

"Jikin ne, Baba. Na zo roƙon a ba ni fankar. Ko daga azahar zuwa la'asar ne."

Sai ya tashi ya shiga ɗakinsa ya fito da ita, ya kakkaɓe buhun. Na ɗauka ba ni zai yi, har na fara godiya. Sai ya ce, "Matso ki gani."

Ranar na fara ganin mitar. Faifan yana tsaye, da ɗan baƙin ɗigo a gefensa. Baba ya jona fankar a soket ɗin zaure ya murɗa. Iska ta bugi fuskata, mai sanyi, har mayafina ya ɗaga. Faifan ya motsa, ɗigon ya wuce, ya ɓace, ya sake dawowa.

"Kin gani?" in ji shi. "Tun da aka kafa abin nan ban taɓa ganin ya koma baya ba. Rumbu in ya ragu, kaka na zuwa ya cika. Wannan ci kawai yake yi, ba ka ganin gindinsa. Kin ji abin da aka yi wa gidan mahauta? Da suka kasa biya, da rana tsaka aka kafa musu tsani aka yanke waya, yara na bi suna ihu. Sule ba ya gari. Ga rumbu ya kusa ƙasa. In suka zo da tsani ƙofar gidan nan, da wane ido zan shiga masallaci?"

"Baba, yarinyar ba ta iya numfashi."

"Allah zai kawo sauƙi. Hadarin yau ba zai wuce ba, in sha Allahu. In ruwa ya sauka gari zai yi sanyi." Ya murɗa ya kashe. "Yau dai ba kwananki ba ne, amma zan sa a ba ki ƙwai. Ki riƙe shi har safe."

Ƙwai ya ba ni. Na roƙi iska, ya ba ni haske. Na ce na gode, don haka aka koya mini, na tashi.

Da na koma, Hajo ta dubi hannuna ba komai. Ta ce, "Kulu, in je in ɗauko ta da ƙarfi? Wallahi sai dai a sake ni." Na ce ta bari. Hadarin ranar ma ya watse.

Washegari tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kwano ya fi ƙara, Binta ta cika. Tana kan cinyata, ina yi mata fifita da hannun dama, na hagu yana riƙe da tsumma. Na ci gaba da fifitar ban sani ba, sai da Inna ta kama hannuna ta zare maficin.

Ban ce fanka ke riƙe rai ba. A layinmu yara da yawa sun tafi a bazarar nan, har a gidajen da ba a taɓa jawo waya ba. Kwananta ne ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Abin da nake cewa shi ne, yarinyar nan ta yi kwanakinta na ƙarshe tana gasuwa, alhali iska na lulluɓe da buhu a ɗakin kakanta.

Kafin magariba an kai ta. Baba ne ya ɗauke ta a hannunsa, an ce a maƙabarta sai da aka riƙe shi. Aka ba wani direba saƙo ya kai wa Malam Sule Jos, aka aika Gitata. Mata suka cika tsakar gida suna cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Ban yi kuka ba, ba ni da lokacinsa. Abba yana nan kwance a rabin tabarmar, leɓɓansa sun tsage, kuma na lura haƙarƙarinsa sun fara shiga ciki irin na ƙanwarsa. Zanen goyon Binta yana rataye a igiya inda na bar shi, ɗan atamfa mai ruwan ganye, da shatin bakinta a wuyan.

Gari ya waye ba ko ɗigo. Tun hantsi kwano ya fara. Ina durƙushe ina ɗura wa Abba ruwa da cokali, rabi na komawa ta gefen baki, sai na ji wani sauti daga wajen zaure, a ƙarƙashin muryoyin maza masu ta'aziyya. Wani ɗan gurnani ne, a hankali, ba ya yankewa. Na san shi, kwana biyu ya yi a ɗakina.

Hajo ta shigo, fuskarta a murtuke. "Kin ji? Liman ne ya zo da dattawan unguwa. An ce kada zafi ya dame su."

Haka Baba yake. Ko rumbu ya kai ƙasa, in baƙo ya zo sai an yi masa tuwon dawa, mu mu ci rogo.

Na ajiye cokalin. Na ce, "Yaya, zauna kusa da shi." Na zare zanen Binta daga igiya na saɓa a kafaɗa. Inna ta gan ni na ratsa tsakiyar mata na nufi ƙofa, ta ce, "Ke Kulu, ina za ki? Maza ne a cike." Ban tsaya ba.

Zauren ya cika har waje. Sun ɗaga hannu ana addu'a, fankar na kan wani ɗan benci tana juya kai daga wannan dattijo zuwa wancan, tana kaɗa musu manyan riguna. Na jira aka shafa. Sannan na shiga, ban durƙusa ba, na tsallake ƙafafu, na zare wayar daga soket. Fukafukan suka yi ta raguwa har suka tsaya.

Wan mijina ya ce, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Ban dube shi ba. Baba ne na duba, ido cikin ido, karon farko a rayuwata. Idanunsa sun kumbura.

Na ce, "Baba, tawa ce. Saura ɗaya ya rage mini, kuma mai sunanka ne."

Sai na ga idonsa ya tafi sama, wurin mitar, yadda ya saba. Ina jin shi kansa bai san ya yi ba.

Na ajiye fankar. Na sauke zanen daga kafaɗata, na warware shi, na miƙa hannu ta saman kan Baba na lulluɓe akwatin nan da shi, gilashi da faifai da komai, na cusa gefunan a baya don kada ya zame. Duk wanda ke zauren ya san zanen waye, sun sha ganinsa a bayana.

Na ce, "Wanda zai duba, sai ya cire wannan da hannunsa."

Na rungumi fankata na koma ciki. Na jona ta a ɗakina, na saita ta a kan Abba, na murɗa har ƙarshe. Gashin goshinsa da ya manne da gumi ya ɗaga. Na zauna a bakin ƙofa, na miƙe ƙafata na tare hanya.